Kwana Uku na Ƙarshe a Injin Ƙyanƙyasa: Tambayoyi da Amsoshi

Ƙwan kaza kwana 21 yake yi kafin a ƙyanƙyashe shi, ko a ƙarƙashin uwa ko a cikin inji. Kwana 18 na farko aikin mai inji ne, wato juya ƙwai da lura da zafi. Sauran ukun kuwa aikin ɗan tsako ne, kuma a cikinsu ake yawan asarar tsakin da halittarsa ta riga ta cika.

Yaya ake ƙirga kwanakin, har a san ranar 18 ta yi?

Ranar da ka zuba ƙwai ba a lissafa ta. Sai ƙwan ya cika awa 24 a cikin zafi sannan a ce ya yi kwana ɗaya. Idan ka zuba ranar Litinin da safe, kwana 18 zai cika ranar Juma'a ta mako na uku, ƙyanƙyasa kuma ta faɗo ranar Litinin, mako uku cif. Masu lissafa ranar zubi a matsayin rana ta ɗaya su ne suke tayar da hankalinsu cewa ƙwai ya makara, alhali da sauran kwana guda.

Me ake yi a ranar 18?

A ranar ake daina juyi. Idan injinka mai juyi da kansa ne, kashe shi, ka cire tiren juyin gaba ɗaya, domin ƙafar ɗan tsako tana iya maƙalewa a cikinsa. Shimfiɗa tsumma mai kaushi ko roba mai huji-huji a ƙasan injin, ka kwantar da ƙwan a kan gefensu, kada su matsu da juna. Ƙasa mai santsi ita ke sa ƙafafun tsako su wage gefe da gefe tun a awannin farko, ya kasa tsayuwa.

Kafin ka kwantar da ƙwan, haska kowane ɗaya da tocila a cikin duhu. Ƙwai mai rai zai yi baƙi ƙirin, haske ba ya ratsa shi sai ta faffaɗan kansa, inda aljihun iska yake, kuma sau da yawa za ka ga jijiyoyin jini a bakin aljihun. Wanda haske ya ratsa tas, ko abin cikinsa yake kaɗawa kamar ruwa, ko yake wari, ko jikinsa yake tsatsar da wani ruwa mai danƙo, fitar da shi. Baragurbi idan ya fashe a cikin inji yana watsa ƙwayoyin cuta a kan sauran. Yana da kyau ka zagaye iyakar aljihun iskan da fensir, saboda a kusa da wannan layin tsako zai fasa, kuma ka sa gefen da aljihun ya fi gangarowa ya kalli sama.

Daga nan sai a ƙara ruwa a kwanon ruwan injin, wanda ke ba da danshi, a rufe murfi.

Danshi nawa ake so, kuma me ya sa ake ƙara shi?

A kwana 18 na farko ana riƙe danshi tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, domin ƙwai ya rage ruwan cikinsa a hankali. Ana so ya zubar da kashi 11 zuwa 13 cikin ɗari na nauyinsa, wato ƙwan da ya shiga da giram 60 ya koma wajen giram 53, aljihun iska kuma ya kusa cin kashi ɗaya cikin uku na ƙwan. A kwana ukun ƙarshe sai a ɗaga danshin zuwa kashi 65 ko 70. Dalili shi ne tantanin da ke ƙarƙashin ɓawo. Da zarar tsako ya huda ɓawon, iska za ta fara busar da tantanin, kuma idan ya bushe sai ya yi tauri ya manne wa tsakon a jiki, ya hana shi juyawa.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: faɗin saman ruwa ne ke ƙara danshi, zurfinsa ba ya ƙara komai. Cika kwano ɗaya har baki ba zai ɗaga ma'auni ba, illa dai ruwan ya daɗe bai ƙare ba. Ƙara kwano na biyu, ko ka tsoma soso mai tsabta rabinsa a ruwa. Ruwan ya zama mai ɗumi, kuma a rufe kwanon da raga, don sabon tsako yana iya nutsewa a ruwan da bai kai zurfin gaɓar yatsa ba. Idan ruwa ya yi ƙasa bayan an rufe, zura siririn tiyo ta ƙofar iska ka tura ruwa da sirinji.

Ma'aunin danshi mai araha yana yawan yin ƙarya. Tun kafin a zuba ƙwai a gwada shi: a jiƙa gishiri ya yi danshi ba tare da ya narke ba, a rufe shi tare da ma'aunin a cikin leda ko mazubin da iska ba ta shiga, a bar shi kamar awa 12. Ma'auni mai gaskiya zai nuna 75. Idan ya nuna 70, ka san kullum sai ka ƙara biyar a kan abin da ya ce.

Zafi fa, ana taɓa shi?

Inji mai fanka yana zama a digiri 37.5 a ma'aunin Salshiyos, kuma ana iya sauke shi kaɗan zuwa 37.2, tunda a yanzu 'yan tsakin da kansu suna fitar da zafi. Marar fanka ana auna shi ne daidai saman ƙwai, inda ake so ya kai 38.5 ko kusa da haka. A waɗannan kwanaki zafin da ya wuce kima ya fi ɗan sanyi haɗari.

Ƙofofin iska kuwa a buɗe su. Kuskure ne babba a toshe su don danshi ya hau, domin lokacin ne tsako ya fi buƙatar iska, yana shirin fara numfashi da huhunsa.

Me ke faruwa a cikin ƙwan da ba ma gani?

Zuwa ranar 18 tsako ya juya, kansa yana wajen faffaɗan kan ƙwai, ya cusa shi ƙarƙashin fiffikensa na dama, bakinsa na fuskantar aljihun iska. Abin da ya sa ake daina juyi ke nan, kada a rikita masa wannan kwanciya. Tsakanin ranar 19 da 20 sai ya huda tantanin ciki, bakinsa ya shiga aljihun, ya shaƙi iska karo na farko. A lokacin za ka iya jin kukansa siriri daga cikin ƙwan da ko tsagewa bai yi ba, ko ka ga ƙwan yana ɗan girgiza shi kaɗai.

Iskar aljihun ba ta da yawa. Idan ta fara ƙarewa sai wuyansa ya riƙa fizga, ya sari ɓawo da wani ɗan tsini mai tauri da ke saman bakinsa, wanda yake faɗuwa 'yan kwanaki bayan ƙyanƙyasa. Abin da za ka gani shi ne ɗan tudu ƙarami a jikin ɓawon, ya tsage kamar tauraro.

A daidai wannan lokaci abu biyu suna gudana waɗanda ba a gaggauta su. Na farko, yana janye ragowar gwaiduwa zuwa cikin cikinsa ta cibiya, cibiyar kuma ta rufe. Na biyu, jinin da ke cikin jijiyoyin tantani, waɗanda da su yake numfashi tun farko, yana komawa jikinsa, jijiyoyin su ƙafe. Sai waɗannan sun kammala zai fara kewaya ɓawon yana sara, yana juyawa saɓanin tafiyar hannun agogo idan ka duba ta faffaɗan kai, har ya ture murfin da ƙafafunsa. Kewayen kan ɗauki minti 20 zuwa awa ɗaya ko biyu.

Tsako ya huda tun safe, har dare bai ƙara komai ba. Ya mutu ne?

Galibi hutawa yake yi. Daga hudar farko zuwa fitowa awa 12 zuwa 24 ba abin mamaki ba ne. Leƙa ta gilashi ka dubi bakinsa a ramin. Idan yana numfashi, yana buɗe baki yana rufewa kamar mai hamma ko mai tauna, to gwaiduwa yake kan shanyewa, kuma barinsa shi ne daidai.

Buɗe murfi na minti ɗaya ma laifi ne?

Idan akwai ƙwan da ya huda, laifi ne. Danshin da aka tara yana ficewa cikin daƙiƙu kaɗan, musamman a inji mai fanka, tantanin da ke bakin rami kuma ya bushe. Tantani lafiyayye fari ne mai laushi, busasshe kuma yana komawa ruwan ƙasa ya ƙanƙance kamar fata. Idan dole ta sa, ɗaga gefe ɗaya kaɗan, ka yi abin da za ka yi da sauri, ka jefa jiƙaƙƙen soso mai ɗumi kafin ka rufe.

To yaushe ake taimaka wa tsako?

Sai an cika awa 24 da hudawa babu ci gaba, ko ya fara kewaya ɓawo ya tsaya cak na tsawon awanni yana kuka da ƙarfi, tantanin ya bushe a kansa. Wanda ya huda ta tsinin ƙwai ya fi buƙatar haƙuri, domin bai samu aljihun iska ba, hudarsa ta farko ita ce numfashinsa na farko, don haka yakan daɗe fiye da sauran.

Wanke hannu, ka yi aikin a wuri mai ɗumi. Da hantsaki ka riƙa ɓantarar ɓawo kaɗan-kaɗan ta wajen aljihun iska kawai, kada ka yaga tantani. Jiƙa tantanin da auduga da ruwan ɗumi, amma ruwa kada ya kusanci hancinsa. Idan ya jiƙa zai yi garau ka ga abin da ke ƙarƙashinsa. Jijiyoyi ja masu cike da jini suna nufin lokaci bai yi ba: mayar da shi inji ka dawo bayan awa uku ko huɗu. Ko ɗigon jini ka gani, tsaya nan take. Idan jijiyoyin sun ƙafe sun zama sirara, yaye tantanin daga kansa da fiffikensa, ka bar rabin ƙwan na ƙasa ya fita daga ciki da kansa. Tsakon da aka zaro da ƙarfi yakan fito da gwaiduwa a waje ko cibiya a buɗe, kuma irinsa ba kasafai yake rayuwa ba.

Idan wuta ta ɗauke fa?

Kada ka buɗe. Lulluɓe injin da bargo ka bar wa ƙofar iska hanya. Ƙwai a wannan mataki yana jure 'yan awanni na sanyi, illa dai ƙyanƙyasar ta ɗan yi jinkiri. Wuta na dawowa ka yaye bargon, in ba haka ba zafi zai yi yawa.

Waɗanda suka fito suna tattake sauran ƙwai. A kwashe su?

Bar su. Sabon tsako yana fitowa jiƙe sharkaf, ya kwanta kamar ba rai, sai bayan awanni ya bushe gashinsa ya tashi. Gwaiduwar da ya shanye tana riƙe shi kwana biyu ba ci ba sha, saboda haka zaman awa 24 a inji ba ya cutar da shi. Birgima da ƙwai da suke yi ba ta hana na ciki fitowa. Abin lura ɗaya shi ne kada ɓawon da aka fita daga cikinsa ya kife a kan wani ƙwan ya rufe masa wurin huda.

Kwashe 'yan tsakin rukuni guda, a lokacin da babu sabuwar huda, zuwa wurin reno da aka riga aka ɗumama zuwa digiri 33 ko 35 a makon farko, ana rage kamar digiri 3 kowane mako. Fara da ruwa: tsoma bakin kowane ɗaya sau ɗaya, sannan abinci.

Ranar 21 ta wuce, wasu shiru. Har yaushe za a jira?

Har ƙarshen ranar 23. Ƙyanƙyasar da ta makara gaba ɗaya tana nuna zafin injin ya gaza, ko ƙwan ya daɗe a ajiye fiye da mako guda kafin a zuba. Wadda ta fara tun ranar 19 tana nuna zafi ya yi yawa, kuma a irinta ake ganin cibiyar da ba ta rufe da kyau ba.

Waɗanda suka rage, haska su ka kara a kunne, in babu motsi babu kuka ka fasa su ta faffaɗan kai, a waje, da safar hannu. Tsako cikakke a jiƙe, aljihun iska ƙarami, ruwa ya rage a ƙwan: danshi ya yi yawa a kwana 18 na farko. Tantani ya ɗame shi, aljihu ya yi girma ainun: danshi ya yi kaɗan, ko an yawaita buɗe murfi. Ya shiga aljihun iska ya mutu bai huda ɓawo ba: a fara tuhumar ƙarancin iska. Kansa yana wajen tsini: wataƙila an jera ƙwan tsininsa a sama, ko juyi bai wadata ba. Rubuta abin da ka gani, sannan ka cire injin daga wuta, ka share garin gashi daga fanka, ka wanke tire da kwanukan ruwa da maganin kashe ƙwayoyin cuta, ka bar shi ya bushe sarai kafin zubi na gaba.