Mece ce kyautar Cy Young da ake yawan ambata a wasan besbol?

Duk watan Nuwamba, bayan an kammala kakar besbol a Amurka, za ka ji ana cewa wane ya lashe "Cy Young". Kyauta ce da ake bai wa gwanin masu jifa na shekara, wato ɗan wasan da ke tsayawa a kan ɗan tudun tsakiyar fili yana wurga ƙwallo ga mai riƙe da kulki. 'Yan jarida masu rubutu kan besbol ne ke kaɗa ƙuri'a. An fara bayar da ita a 1956, kuma Don Newcombe na Brooklyn Dodgers ne ya fara ɗauka. Da farko mutum ɗaya ake zaɓa, amma daga 1967 kowace cikin manyan gasanni biyu, American League da National League, tana fitar da nata gwarzon. Roger Clemens ya fi kowa tara ta, sau 7.

Mai sunan kuwa ɗan manoma ne daga ƙauyen Gilmore a jihar Ohio, an haife shi ranar 29 ga Maris, 1867. Sunansa na yanka Denton True Young. "Cy" laƙabi ne, gajeren "Cyclone", wato guguwa. Ana cewa a 1890, lokacin da ya je gwaji a garin Canton, jifarsa ta ragargaza katakon shingen filin kamar guguwa ta bi ta kai. A shekarar ce ƙungiyar Cleveland Spiders ta ɗauke shi.

A 1893 aka ƙara nisa tsakanin mai jifa da mai bugu zuwa mita 18.44, nisan da ake amfani da shi har yau. Sauyin ya tagayyara masu jifa da dama, shi kuwa Young ko a jikinsa. Ya yi wa St. Louis wasa, sannan a 1901 ya koma Boston, inda ya taimaka mata ta doke Pittsburgh a gasar World Series ta farko a 1903, wato karon ƙarshe tsakanin zakarun manyan gasannin biyu. Ranar 5 ga Mayu, 1904, ya kara da Philadelphia Athletics, ya sallami masu bugu 27 a jere, ba wanda ya taka ko masaukin farko, wato wurin farko da mai bugu ke rugawa zuwa gare shi a hanyarsa ta cin maki. Cikakken wasa ke nan, abin da ba a cika gani ba har a zamaninmu.

Amma a ganina, abin da ya fi wannan ban mamaki shi ne juriyarsa. Ya yi kaka 22, daga 1890 zuwa 1911, ya ajiye wasa yana da shekara 44. An rubuta masa nasara 511. Walter Johnson da ke bi masa yana da 417. Wasanni 749 ya fara kuma ya ƙarasa da hannunsa ba a canja shi ba. Har a shan kaye ma shi ke kan gaba, da sama da 300, don wanda ya daɗe a fage dole ya sha ƙasa da yawa. Ya rasu ranar 4 ga Nuwamba, 1955, yana da shekara 88, shekara ta zagayo aka sa wa kyautar sunansa.

To, masu lashe ta a yau ba da wannan mudun ake auna su ba. Yanzu mai jifa kan huta kwana huɗu ko biyar tsakanin wasa da wasa, kuma da ya doshi jifa 100 koci zai fitar da shi don kada gwiwar hannu ta lalace. Masu zaɓe sun fi duba yawan makin da aka ci ta hannunsa da yawan masu bugun da ya kora, tunda nasara ta dogara ne kuma da ƙoƙarin abokan wasansa. Shi ya sa Félix Hernández ya ci kyautar a 2010 da nasara 13, Jacob deGrom ma ya ci a 2018 da 10 kacal. Nasara 20 a kaka guda ta zama abin nema, kuma ko da mutum ya jera shekara 25 yana samun 20 ɗin, da sauran 11 kafin ya kamo Young.