Waiwaye: Kalusha Bwalya, daga Mufulira zuwa bakin tekun Libreville

Duk ɗan Najeriyar da ya kalli wasan ƙarshe na kofin Afirka ranar 10 ga Afrilun 1994 a Tunis, abin da ya riƙe shi ne ƙwallaye biyun Emmanuel Amunike. Elijah Litana na Zambiya ya fara zura wa Super Eagles a minti na uku, Amunike ya farke nan take, ya ƙara bayan hutun rabin lokaci, aka tashi biyu da ɗaya. Mun yi murna, kuma mun cancanta. Amma kyaftin ɗin da muka doke a ranar, Kalusha Bwalya, ya shigo fili ne da tawagar da aka harhaɗa cikin makoki, shekara guda ba ta ma cika ba da binne abokan wasansa.

An haife shi a 1963 a Mufulira, garin masu haƙar tagulla a arewacin Zambiya, inda kamfanonin ma'adinai ke ɗaukar nauyin ƙungiyoyin ƙwallo. A Mufulira Wanderers ya yi suna, daga nan Cercle Brugge ta Beljiyam ta ɗauke shi. Duniya kuwa a gasar Olamfik ta 1988 a Koriya ta Kudu ta san shi, ranar da Zambiya ta lallasa Italiya huɗu da nema, shi kaɗai ya ci uku rigis. A shekarar aka ba shi kyautar gwarzon ɗan ƙwallon Afirka. Sai PSV Eindhoven ta saye shi a 1989, ya taka leda tare da Romario, suka ci gasar Holan sau biyu a jere ƙarƙashin Bobby Robson. Ƙafar hagunsa ce makaminsa, musamman a bugun tazara.

Zamansa a PSV ne ya zama sanadin tsirarsa. Daren 27 ga Afrilun 1993, jirgin sojan saman Zambiya da ke ɗauke da tawagar ƙasar zuwa Dakar, don wasan neman gurbin kofin duniya da Senegal, ya faɗa teku jim kaɗan bayan tashinsa daga Libreville ta Gabon. Mutum 30 ne a ciki, 18 daga cikinsu 'yan wasa, babu wanda ya fita. Har da mai horarwa Godfrey Chitalu, da mai tsaron gida Efford Chabala. Kalusha ya shirya tasowa ne daga Turai ya iske su a Senegal. An binne su kusa da filin wasa na Independence a Lusaka.

A nan nake ganin girman mutumin yake, fiye da kofunan Holan. Da ya ce ya haƙura da buga wa ƙasa, ba wanda zai ga laifinsa. Sai ya koma gida ya tsaya a gaban yaran da aka tsinto daga ƙungiyoyin cikin gida, waɗanda da yawansu ba su taɓa sanya rigar ƙasa ba. A watan Yuli suka karɓi baƙuncin Maroko a Lusaka. Maroko ta fara ci, Kalusha ya farke da bugun tazara, Zambiya ta yi nasara biyu da ɗaya. Canjaras kawai suke nema da Maroko a Kasablanka su je kofin duniya na 1994 a Amurka, aka ci su ɗaya mai ban haushi. Wata shida bayan haka sai ga su a Tunis.

Ragowar wasansa a ƙasashen waje ya yi shi ne galibi a Meziko, inda magoya bayan Club América suka rungume shi. A kofin Afirka na 1996 a Afirka ta Kudu ya fi kowa zura ƙwallo, guda biyar, Zambiya ta zo ta uku. Ko da ya zama mai horar da tawagar, a 2004 ya sako kansa cikin wasa da Laberiya yana da shekara 41, ya ci ƙwallon nasara, da bugun tazara kuma.

Shugabancinsa na hukumar ƙwallon Zambiya daga 2008 zuwa 2016 bai tafi babu tabo ba. Ya sha kaye a zaɓe hannun Andrew Kamanga, kuma a 2018 FIFA ta dakatar da shi kan karɓar kuɗi daga Mohammed bin Hammam, tsohon shugaban hukumar ƙwallon Asiya, kodayake an sassauta hukuncin bayan ɗaukaka ƙara. Masoyansa, da ni a ciki, bai kamata mu ɓoye wannan ba.

Sai dai a zamanin shugabancin nasa ne ya dawo da mai horarwa Hervé Renard, kuma Allah ya ƙaddara wasan ƙarshe na kofin Afirka na 2012 a Libreville za a yi shi. Kafin wasan, Kalusha ya bi 'yan wasan zuwa bakin tekun da jirgin ya faɗa, suka ajiye furanni. Ranar 12 ga Fabrairu suka kara da Kwadebuwa ta su Drogba da Yaya Touré, minti 120 babu ci, har Drogba ya ɓarar da fenareti. A bugun fenareti na raba gardama, Stoppila Sunzu ya buga na ƙarshe, Zambiya ta yi nasara takwas da bakwai. Bayan kyaftin Christopher Katongo ya ɗaga kofin, sai Kalusha ma ya shiga cikin 'yan wasan ya ɗaga shi.