Daga Buhu Zuwa Ƙulli: Waiwaye Kan Tsadar Cefane

A gidan da na tashi, buhu ne ma'aunin abinci. Da kaka ta yi, mahaifinmu zai sa a shigo da gero da dawa a jingine a ɗakin ajiya, abin da ya rage masa kullum shi ne kuɗin kayan miya da ɗan nama. Yau a unguwarmu akwai magidanta da sun manta rabon da su auno kwano guda lokaci ɗaya. Gwangwani suke saye, man gyaɗa kuma a ƙulli. Wannan gangarowa ta ɗauki shekara hamsin tana tafiya.

Dattawa kan faro labarin daga Udoji. A 1974 kwamitin Jerome Udoji ya ba da shawarar ƙara wa ma'aikata albashi, gwamnatin Gowon ta biya har da ariyas. Kuɗi suka cika hannu a daidai lokacin da farin farkon shekarun 1970 ya ƙone gonaki ya kashe dabbobi a Arewa da Nijar, sai kasuwa ta ɗaga. Amma abin da ya fi daɗewa yana bin mu shi ne sauyin baki. Da kuɗin man fetur aka riƙa shigo da shinkafa da alkama, shinkafar da a gidaje da yawa abincin sallah ce da biki ta zama ta yau da kullum, burodi ya zauna kusa da koko. Tun daga nan tukunyar birni ta ɗauru da dala, ko da uwargida ba ta taɓa riƙe dala a hannunta ba.

Obasanjo ya kawo shirin ciyar da ƙasa a 1976, Shagari ya kawo nasa na bunƙasa noma a 1980, ba su kwance wannan ɗauri ba. Da farashin mai ya faɗi, aka shiga tsuke bakin aljihu a 1982. A 1984, zamanin mulkin soja na Buhari, mutane suka sha layi don madara da sukari da sabulu, iyakoki kuma suna rufe. Har yau a Nijar akwai masu kiran yunwar wannan shekara da El-Buhari. Sai SAP, shirin gyaran tattalin arziki na Babangida, a 1986, wanda ya karya darajar naira, kuɗin da kafin nan ya fi dala daraja. Mai albashi ya wayi gari albashinsa yana nan yadda yake amma ba ya kai shi ƙarshen wata. A lokacin ne ma'aikata da yawa suka koma noman ɗan fili a bayan gari, matansu suka kama sana'ar cikin gida.

An sake jin jiki a 2008 da abinci ya yi tsada a duniya, har gwamnatin 'Yar'aduwa ta dakatar da harajin shigo da shinkafa na wasu watanni. A Janairun 2012 litar mai ta tashi daga naira 65 zuwa 141, zanga-zanga ta dawo da ita 97. A 2015 Babban Banki ya hana masu shigo da shinkafa da wasu kayayyaki 40 samun dala a farashin gwamnati, aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance a Kebbi. Aka rufe iyakokin tudu daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, kullen korona ya faɗo a tsakiya. Duk wannan yana faruwa ne 'yan bindiga suna korar manoma daga gonakinsu a Zamfara da Katsina da Sakkwato da Kaduna da Neja, wasu wuraren sai an biya su kafin a yi shuka, a sake biya kafin a yi girbi. Wanda ya kamata ya kawo hatsi kasuwa shi ne ya dawo gari yana neman na awo.

Na 2023 kuwa ya sha bamban da na baya, don bugu biyu ne suka zo a jere. Ranar 29 ga Mayu Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, kafin ƙarshen 2024 ta haura dubu. A watan Yuni aka saki naira, dalar da ke kusan 460 ta kai 1,500 a farkon 2024. Kowane buhu da ya bar ƙauye mota ce ta ɗauko shi, taki da maganin feshi kuma da dala ake sayo su, saboda haka har geron da aka noma a Jigawa bai tsira ba. A Yunin 2024 Hukumar Ƙididdiga ta ce hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari. Kafin nan, a Fabrairu, mata sun fito kan titi a Minna, masu gurasa sun fito a Kano saboda tsadar fulawa, hukuma ta garƙame wasu rumbunan ajiya a Dawanau bisa zargin ɓoye kaya. Mutane suka koma sayen afafata, ɓarzajjiyar shinkafar da a da kifi ake zuba wa.

Lissafi ɗaya ya ishe ni. A 2014 mafi ƙarancin albashi naira 18,000 ne, yana iya sayen kusan buhu biyu na shinkafa. A Yulin 2024 aka mai da shi 70,000, ƙarshen shekarar bai sayen buhu ɗaya.

Gibin nan, a cikin madafa ake cike shi, kuma mata ne ke cike shi. Na ga maƙwabciyarmu ta baje kuɗin da aka bar mata a kan tabarma, ta kasa su kashi huɗu, ta sake haɗewa, sannan ta ce wa mijinta a hankali: "Malam, in an sayi mai yau, babu na niƙa." Ya yi shiru, ya ce a yi da abin da ya samu. Ranar kwaɗon rama da garin kwaki aka ci. Haka awara ta maye gurbin nama, busasshen tumatir da kuka da kuɓewa suka maye gurbin jar miya, aka sauke tukunyar gas aka koma gawayi da itace, ɗumame ya zama karin kumallo, abincin rana ya ɓace a gidaje da yawa. Ita uwar, sai yara sun ƙoshi take kankare ƙanzo.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne mai ƙaramin ƙarfi ya fi kowa biyan tsada. Mai sayen buhu da kaka ya huta. Mai sayen gwangwani kullum yana biyan ribar dillali da ta ɗan kasuwa da ta mai shago, ga littafin bashi yana jiran ƙarshen wata. Shi ya sa dabarar da na ga ta fi aiki ita ce ta haɗa hannu: gida huɗu ko biyar su yi karo-karo su sayi buhun masara su raba, ko mata su tsara adashi yadda kwasa za ta faɗo lokacin girbi, a busar da tattasai da albasa lokacin da suke araha, a dasa zogale da alayyahu a tsakar gida ko a cikin tsohon buhu.

A Yulin 2024 gwamnati ta sanar da ɗage harajin shigo da masara da alkama da wake da shinkafar da ba a gama gyarawa ba na kwana 150. A 2025 farashin hatsi ya sauko sosai a kasuwannin Arewa, magidanta suka ɗan numfasa. Sai kuma kukan ya koma ƙauye, inda manomi ke cewa sai ya sayar da buhun masara fiye da ɗaya kafin ya sayi buhun taki. Maƙwabcina da ke noma kadada biyu ya ce mini bana rabin gonar kawai zai shuka masara, sauran gero da wake, don su ba sa cin taki sosai.