Waiwaye: Gardamar Janareta Mara Mai Da Tsallen Ƙwallo

Duk lokacin da farashin fetur ya tashi, sai muhawarar janareta mara mai ta sake kunno kai a kafafen sada zumunta, wasu suna rantsuwa cewa sun ga injin da ke ciyar da kansa da wutar da yake samarwa, wasu kuma suna ƙaryatawa. Wannan gardama ta daɗe, kuma tushenta yana cikin tsallen ƙwallo.

Ƙa'idar wasan tanis ta tanadi cewa idan aka saki ƙwallo daga tsayin santimita 254 a kan siminti, ta tashi tsakanin santimita 135 da 147. Kusan rabin ƙarfinta ya tafi a bugu ɗaya ke nan. Isaac Newton, masanin kimiyya ɗan Ingila, ya auna irin wannan ragi da ƙwallayen ulu, ƙarfe da gilashi, ya wallafa a 1687, yayin da mabiyansa da na Leibniz, masanin lissafi ɗan Jamus, suka shafe shekaru suna jayayya kan yadda za a ƙiyasta ƙarfin motsi.

Matakin da ba a cika ambata ba ya zo ne a 1722 a birnin Leiden na Holan, inda masanin kimiyya Willem 's Gravesande ya riƙa sakin ƙwallayen tagulla a kan ɗanyen yumɓu. A kan yumɓu ƙwallo ba ta tsalle ko kaɗan, saboda haka duk ƙarfin faɗuwarta yana barin shaida a ramin da ta lotsa, abin da ido zai gani, hannu ya auna. Ya gano cewa idan gudu ya ninka sau biyu, ramin yana ninkawa sau huɗu, idan kuma sau uku ne, sau tara. Sakamakon ya saɓa wa ra'ayin da yake kai, amma ya karɓe shi. Masaniyar kimiyya Émilie du Châtelet ta yaɗa shi a Faransa a 1740. A ganina nan ne aka fara ɗaukar ƙarfi a matsayin lissafin shiga da fita, wanda ba a cire masa fiye da abin da aka zuba.

A 1775 cibiyar kimiyya ta Faris ta daina duba injinan da ake iƙirarin ba sa tsayawa, kuma a shekarun 1840 James Joule, masanin kimiyya ɗan Ingila, ya nuna cewa ƙarfin da ake zaton ya ɓace zafi yake komawa.

Ɗalibai da yawa sun haddace wannan doka ta cewa ƙarfi ba ya ƙaruwa ko ɓacewa, sauya kama kawai yake yi, ba tare da sun taɓa sakin ƙwallo sun auna ba. Wanda ya ɗora hannu a kan injin irin wannan janareta zai ji ɗumi, zai ji kukan bel, kuma daga batirin da ke gefe ake biyan duka biyun har ya ƙare.