Raunin da yaƙi ya bari a zukatan 'yan gudun hijirar Bosniya da Kuroshiya

Su wa ake magana a kansu?

Mutanen da rugujewar Yugoslabiya ta raba da gidajensu. Yaƙin Kuroshiya ya ɓarke a 1991, na Bosniya a 1992, duka suka ƙare a 1995. A Bosniya kaɗai an kashe mutum kusan 100,000, sama da miliyan 2 suka bar muhallinsu, wato kusan rabin al'ummar ƙasar. Jamus ta karɓi kimanin 350,000.

Wane irin ciwo ya bi su?

Ciwon damuwa da ciwon firgici. Mai shi ba ya samun barci, mugun mafarki ya dame shi, ƙarar buga ƙofa ta sa ya zabura kamar rokar da ke faɗa wa Sarayebo, babban birnin Bosniya, ce ta sauka a tsakar gida. A binciken da Richard Mollica na jami'ar Harvard ya jagoranta kan 'yan Bosniya da ke wani sansani a Kuroshiya, wanda aka wallafa a 1999, kusan kashi 39 cikin ɗari na da alamun damuwa, kashi 26 na da firgici. Da aka sake duba su bayan shekara uku, kusan rabin masu ciwon ba su rabu da shi ba.

To ai sun tsira, me ya hana su warkewa?

A ganina nan ne gizo yake saƙa. Zaman jiran tsammani ya fi komai cin rai. A Jamus yawancinsu takardar dakatar da kora kawai aka ba su, ana sabunta ta bayan 'yan watanni, samun aiki kuma da wuya. Mutumin da bai san inda zai kwana baɗi ba, ta yaya hankalinsa zai kwanta? Bayan yarjejeniyar Dayton, wadda ta kawo ƙarshen yaƙin Bosniya, aka matsa musu su koma, wasu suka tarar da baƙi a cikin gidajensu.

Matan garin Srebrenica na Bosniya kuwa, inda aka kashe maza da samari sama da 8,000 a Yulin 1995, nasu jiran na gawa ne. Makasan sun tone kaburbura da motocin tono suka warwatsa gawarwaki don ɓoye laifi, har akan samu ƙasusuwan mutum ɗaya a ramuka daban-daban. Uwa sai ta zaɓa: ta binne 'yan ƙasusuwan da gwajin ƙwayoyin halitta ya tabbatar na ɗanta ne, ko ta jira sauran. Har yanzu duk ranar 11 ga Yuli ana jana'iza a maƙabartar Potocari da ke kusa da Srebrenica.

Akwai waɗanda suka taimaka?

Akwai. Tun yaƙi na ci, a 1993, likita Monika Hauser tare da matan Bosniya suka buɗe cibiyar Medica a garin Zenica don kula da matan da aka yi wa fyaɗe. Da yawa kunya ta hana su buɗe baki sai bayan shekaru.