Yarjejeniyar da ke kare tsuntsayen filayen ciyawa a Kudancin Amurka

A filayen ciyawa da suka shimfiɗu daga arewa maso gabashin Ajantina zuwa Urugwai, Faragwai da kudancin Barazil, akwai wani tsuntsu da namijinsa ke da kai da ƙirji ruwan ɗorawa, bayansa kuma baƙi. 'Yan Ajantina na ce masa tordo amarillo. Yana sheƙa a ƙasa-ƙasa, cikin dogayen ciyayi da gefen fadamu, yawanci a garke. Yanzu yana cikin tsuntsayen da ke fuskantar ƙarewa.

Dokar da ta shafe shi ta samo asali ne daga Yarjejeniyar Bonn kan dabbobi masu ƙaura, wadda aka sa wa hannu a Jamus a 1979, ta fara aiki a 1983. Tana da jadawali biyu. Dabbar da ke na farko, wajibi ne ƙasar da ta shiga yarjejeniyar ta hana kama ta ko kashe ta, sai a wasu 'yan lokuta da aka keɓe, ta kuma yi ƙoƙarin kare inda take rayuwa. Jadawali na biyu na dabbobin da ƙasa ɗaya ba za ta iya ceton su ita kaɗai ba, don haka ake son ƙasashen da suke ratsawa su zauna su cimma matsaya.

Daga wannan ne aka samu takardar fahimtar juna ta 2007 kan tsuntsayen ciyawa masu ƙaura a kudancin nahiyar, wadda ƙasashe biyar suka sa wa hannu: Ajantina, Bolibiya, Barazil, Faragwai da Urugwai. Ya kamata a gane cewa takardar fahimta ba ta da ƙarfin da za a kai ƙasa kotu da ita. Alkawari ne na ƙidayar tsuntsaye tare, musayar bayanai, gano wuraren da suka fi muhimmanci, da tsara aiki ɗaya.

A ganina, nan ne gaɓar da ta fi wuya. Hana farauta da kamawa don sayarwa a keji yana da amfani, amma ba harsashi ne ke ƙarar da wannan tsuntsu ba. Garma ce. Filin da aka nome aka zuba waken suya, ko aka dasa bishiyar turare jere-jere don katako, ko fadamar da aka tsotse ruwanta, ya tashi daga zama gidansa ko da babu wanda ya taɓa shi. Ga kuma wata tsuntsuwa mai zuba ƙwanta a sheƙarsa, ya ƙyanƙyashe mata ya bar nasa. Kuma yawancin filayen nan ba na gwamnati ba ne, mallakar masu kiwon shanu ne.

Shi ya sa ƙawancen da ƙungiyoyin kare tsuntsaye na ƙasashe huɗu suka kafa a 2006, wato Aves Argentinas, Aves Uruguay, SAVE Brasil da Guyra Paraguay, a ƙarƙashin inuwar BirdLife, ƙungiyar kare tsuntsaye ta duniya, ya fi burge ni. Sun kira shi Alianza del Pastizal, kuma sun je wajen makiyayi ne a matsayin abokin aiki. Ƙa'idarsu mai sauƙi ce: mai gonar kiwo da ya bar aƙalla rabin filinsa da ciyawarsa ta asali, bai nome shi ba, naman shanunsa na iya samun tambari na musamman a kasuwa. Kiwo mai tsari, inda ake barin wani ɓangare ya huta ciyawa ta yi tsawo lokacin ƙyanƙyasa, yana barin tsuntsun ya zauna tare da shanu. Shi kansa tordo amarillo an san shi da bin garke yana cin ƙwarin da shanu ke tayarwa.

A lardunan Corrientes da Entre Ríos na Ajantina, masu aikin sa kai na kwana kusa da wuraren sheƙa a lokacin ƙyanƙyasa, suna gadin ƙwai daga masu kamawa da namun daji, da izinin masu filin.