Wai mene ne "kayan shan iska"?

Ranar nan a ofis wata abokiyar aikina, babba ce ta girme ni nesa ba kusa ba, ta ji ina waya da tela ina ce mishi don Allah wannan karon kayan shan iska nake so ya ɗinka min na zuwa aiki, ai kuwa ina ajiye wayar ta zaro ido ta ce "ke ɗiyar nan, mi kika ce? Kayan shan iska za ki sa ki taho wurin aiki?" Dariya kamar cikina ya yi ciwo, na ce Anti wallahi ba irin wanda kike nufi ba ne. A nan na gane ashe kalmar nan kowa da yadda ya ɗauke ta.

Shan iska dai kowa ya san shi, a fito tsakar gida da yamma a baje tabarma iska ta ɗan bugi mutum, to kayan da ake sawa don irin wannan zaman, marasa nauyi da ba sa takura jiki, su ne asalin kayan shan iska. Da tafiya ta yi tafiya sai kalmar ta koma ta cikin ɗaki, 'yar shimi da guntun wando irin wanda ake sawa in an rufe ƙofa daga ke sai maigida, wannan shi ne wanda Anti ta sani. Yanzu kuma masu sayar da kaya a WhatsApp da Instagram sun ja kalmar ta faɗaɗa, za ki ga an ɗora bubu har ƙasa mai dogon hannu an rubuta kayan shan iska, kuma ni a wurina ba ƙarya suka yi ba, don ba ƙanƙantar tufa ke sa ta sha iska ba, zaren da aka saƙa ta da shi ne da kuma yadda aka ɗinka ta.

Duk wadda ta yi bazara a Birnin Kebbi ta san abin da nake faɗa, daga watan Maris zuwa Mayu zafi kan wuce digiri 40 da rana, ki hau kabu-kabu da ƙarfe biyu iskar da ke dukan fuskarki kamar an buɗe murhu, ki isa gida kuma an ɗauke wuta fanka ta tsaya cak. Shi jiki hanyar da yake huce kanshi ita ce zufa, ta fito ta bushe, bushewar nan ita ke tafiya da zafin. Kenan duk tufar da ta hana zufa bushewa ta kulle ki ne a cikin zafinki. Auduga, wato kotin yadda 'yan kasuwa ke cewa, tana iya riƙe damshi wajen kashi 8 cikin ɗari na nauyinta ba ki ma ji ta jiƙe ba, shi kuwa foliyesta ko kashi 1 bai kai ba, don daga sinadarin man fetur ake yin shi, ɗan'uwan robar ruwa ne. Shi ya sa mata ke ce mishi roba-roba ko mai leda, sunan ya dace.

Inda ake cin mu shi ne atamfa. Da can in an ce atamfa an san auduga ce, ko Holan ce ko ta gida, ga Gusau nan kusa da mu gari ne da aka sani da auduga har da masaƙa. Yanzu kasuwa ta cika da atamfa mai zane iri ɗaya sak da mai tsadar, kala ta fita tas, farashi da sauƙi, amma zaren roba ne. Kowane mai shago kuwa rantsuwa zai miki, "Hajiya wanga kotin na, ba shi da zahi." Ni dai na daina musu da kowa, zare ɗaya nake ja daga bakin yadin in na samu dama in kunna mishi ashana: kotin yana ci da wuta ya yi warin takarda ya bar toka mai laushi, roba kuma narkewa take ta dunƙule ta yi ƙwallo mai tauri tana warin leda. In ba hali ki dunƙule yadin a hannu ki saki, kotin zai yamutse, roba za ta miƙe kamar ba abin da ya faru, ko ki ɗiga mishi ruwa ki ga ya shanye ko ya tsaya a kai.

Amma fa kotin kaɗai ba shi ne magana ba. Shadda mai kyau auduga ce zalla, sai dai saƙarta a matse take ga nauyi ga sheƙi, ki sa ta da tsakar rana a watan Afrilu ki ba ni labari. Boyal kuwa saƙarshi sakwa-sakwa ce, in kin ɗaga shi kina hango haske, shi ya sa yake da sanyi. Lilin ma haka, ya fi kotin saurin bushewa, matsalarshi ɗaya yamutsewa, kafin ki sauka daga keke ya zama kamar an kwana a kanshi. Akwai kuma biskos, wanda ake yi da ɓargon itace, yawancin dogayen rigunan nan masu laushi da zubi shi ne, yana da sanyi amma ruwa na sa shi ya ɗan tsuke, kar ki sayi wanda ya kama ki cif.

Sai abin da ya fi ba ni haushi, lainin. Na taɓa kashe kuɗi na sayi atamfa ta gaske na kai ɗinki, tela ya yi min riga da siket ya shimfiɗa lainin roba tun daga wuya har ƙasa wai don ya zauna, ya kuma tsuke shi kamar zai fashe, ranar da na sa shi zuwa suna ban kai la'asar ba ƙurajen zafi suka feso min a baya. Atamfar ba ta da laifi, ba ita ke taɓa fatata ba. Tun daga nan nake cewa ko dai lainin kotin ko a bar shi babu in sa shimi a ciki. Haka hijabi, yawancin masu santsin nan da ke talewa roba ce, kuma kai da wuya nan zafi ya fi taruwa, ga ɗankwali ga hijabi har ƙasa, gara ki nemi mai kotin mara nauyi ko mayafi mai faɗi.

Maganar kala ma mutane na ɗan wuce gona da iri. Gaskiya ne baƙi ya fi jan zafin rana, amma a 1980 an buga wani bincike a mujallar Nature kan Larabawan ƙauye na hamadar Sinai masu sa baƙaƙen riguna, aka gano zafin da ke isa jikin mutum kusan ɗaya ne da na mai farar riga, saboda rigar a sake take iska na shiga ta ƙasa ta fita ta wuya. Ki duba Buzaye ma. Kenan baƙar abaya mai walawa ta fi farar riga ta roba da ta manne miki.

Wurin aiki ni abin da na ga ya fi shi ne doguwar riga ko bubu da aka yanka daidai kafaɗa, hannu mai ɗan faɗi amma ba wanda zai dinga sharar tebur ba, ɗan aiki kaɗan a wuya ya isa ya fitar da gayun. Leshi mai duwatsu a bar shi sai bikin dare. In damina ta kusa kuma, ko mutum yana wajen Yawuri inda kogi ke ƙara damshi, zufa ba ta bushewa da wuri, kotin mai kauri sai ya jiƙe ya manne, nan lilin da boyal suka fi.

Ɗinkin nawa ya fito, bubu ce ruwan ƙasa ta boyal, ba lainin. Ranar da na sa ta Anti ta kama bakin hannun ta murza ta murza, ta ce "yadi nawa ya ci?" na ce huɗu, ta ce in za ni kasuwa ranar Asabar in biya mata.